Muhawara kan The Pacific: jarumta ake nunawa ko ɓarnar da yaƙi ke yi wa mutum?

Malam Habibu:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Wannan makon ina so mu taɓa The Pacific, shirin yaƙin nan mai kashi 10 da tashar HBO ta Amurka ta fara haskawa a watan Maris na 2010, ya kuma fito a faifan DVD da Blu-ray a watan Nuwamban shekarar. Steven Spielberg da Tom Hanks da Gary Goetzman ne suka tsaya a kansa, su ne dai suka yi Band of Brothers a 2001. Kuɗin da ya ci ya kai dala miliyan 200, kuma a Ostireliya aka ɗauke shi.

Labarin sojojin ƙundumbala ne na Amurka a yaƙinsu da Japan, daga 1942 zuwa 1945. Mutum uku ake bi, kuma ba ƙirƙirarsu aka yi ba, sun rayu da gaske. Akwai Robert Leckie, ɗan jarida mai taurin kai. Akwai John Basilone, sajan ɗin da ya sami lambar yabo mafi girma ta sojan Amurka saboda abin da ya yi a tsibirin Guadalcanal. Sai Eugene Sledge, ɗan wani likita daga garin Mobile a jihar Alabama. Leckie da Sledge kowa ya rubuta abin da ya gani bayan yaƙi, kuma daga littattafansu aka ciro ƙashin bayan shirin.

Abin da na riƙe shi ne, wannan ba shirin jarumta ba ne, ko da akwai jarumai a ciki. Shiri ne kan yadda yaƙi ke cinye imanin mutum a hankali. Ku dubi Sledge. Yaro ne mai kunya, Littafinsa na addini a aljihu, ba ya zagi, ba ya shan taba. A kashi na 7 ga shi durƙushe gaban gawar Bajapane da wuƙa a hannu yana shirin ɓanɓare masa haƙoran gwal. Wanda ya kalla ya zo mu yi magana.

Ɗanlami:
Wa alaikumus salam Malam. Na kalla, amma ban yarda da kai ba. Farfagandar Amurka ce aka yi mata kwalliya. Awa 10 kana zaune da Amurkawa, ka san sunan uwar kowa, ka san budurwar kowa, in ɗaya ya mutu a sa kiɗa mai taɓa zuciya. Japanawa kuwa sai dai su fito daga duhu suna ihu a harbe su. Faɗa mini sunan Bajapane ɗaya a shirin nan.

Nafisa:
Ni a kashi na 3 na tsaya. Na kasa gane wa ake bi. Yanzu kana tare da wannan, anjima an tsallaka wajen wancan, duk kuma kayansu iri ɗaya, fuska duk taɓo. Ga shi kashin na 3 ɗin ba na kallo da iyali ba ne sam. Na kashe na tashi.

Malam Habibu:
Nafisa, ƙorafinki na da tushe, kuma gara da kika faɗa don masu yara su sani. Kashi na 3 hutun da suka yi ne a birnin Melbourne a 1943, akwai shaye-shaye da abin da bai kamata yaro ya gani ba. Ana iya tsallake shi ba a rasa zaren labarin ba. Amma ki daure ki koma daga na 4. Daga na 5 labarin ya fi tsayawa kan Sledge, a nan ne ake daina ruɗewa.

Malam Isa:
Bari in sa baki kan maganar Ɗanlami, don tana da nauyi, bai kamata a wuce ta haka nan ba.

Gaskiya ne shirin daga idon sojan Amurka aka kalli yaƙin. Amma ƙanina, ka tuna ƙarshen kashi na 1. Bayan faɗan da aka yi a bakin rafin nan a Guadalcanal, ranar 21 ga Agustan 1942, inda Kanar Ichiki na Japan ya afka wa Amurkawa da mutum kusan 900 aka kashe mafi yawansu, gari ya waye saura Bajapane ɗaya tsaye cikin ruwa. Me Amurkawan suka yi? Suka mai da shi abin wasa, wannan ya harbe shi a hannu, wancan a kafaɗa, suna dariya, don kada ya mutu da wuri. Leckie ne ya zaro ƙaramar bindiga ya ƙarasa shi. Daga baya ya buɗe jakar wani sojan Japan ya tarar da hoton iyalinsa da 'yar tsana. Mai farfaganda ba ya buɗe shirinsa da nuna sojojin ƙasarsa suna wannan aika-aika.

Inda zan bi ka shi ne mutanen tsibiran. A ƙasarsu aka yi yaƙin, amma da ƙyar ake ganinsu. A tarihi akwai Jacob Vouza, ɗan tsibiran Solomon, tsohon ɗan sanda. Japanawa suka kama shi, suka ɗaure shi, suka caccake shi da wuƙar bindiga don ya faɗi inda Amurkawa suke, ya ƙi. Suka bar shi a zaton ya mutu. Ya kwance kansa, ya ja jiki har sansanin Amurkawa ya gargaɗe su cewa ga hari nan tafe. Faɗan nan na bakin rafi da muke magana, da jininsa a ciki. Irin wannan mutum ya cancanci kashi guda nasa.

Ɗanlami:
To ka gani, Malam Isa. Kai ma ka kawo mini hujja. Kuma ina baƙaƙen fatar Amurka?

Malam Isa:
Suna nan a tarihi. Sai a 1942 aka fara ɗaukarsu a wannan runduna, a wani sansani daban da ake kira Montford Point, don ba a yarda su yi horo tare da farare ba. Galibi aikin ɗaukar harsasai da sauke kaya aka ba su, amma a Peleliu da Iwo Jima sun shiga cikin wuta, sun ɗauko masu rauni. Shirin bai ba su wani gurbi na a zo a gani ba. Wannan gibi ne, ban musa ba. Sai dai gibi daban, ƙarya daban.

Baba Sajan:
Salamu alaikum. Yarana, na jima ina karanta ku. Ni na sa kaki, na je Laberiya da rundunar ECOMOG, don haka bari tsoho ya faɗi nasa.

Finafinan yaƙi da yawa ba na iya ƙarasa su, don wasan yara ne. Mutum ɗaya ya kashe hamsin rigarsa ko datti ba ta yi ba. Wannan kuwa na zauna na kalle shi har ƙarshe, kuma ba harbe-harben ne suka riƙe ni ba. Kashi na 4 ne, wanda mutane ke cewa ba abin da ya faru a cikinsa. Suna Cape Gloucester, ruwan sama ba dare ba rana. Takalmi ba ya bushewa, ƙafa ta jiƙe har fata ta fara saɓulewa, bargo ya yi funfuna, wasiƙar da ke aljihunka ta narke. Ga zazzaɓin cizon sauro, ga atini. Abokin gaba ba ka ganinsa, amma ka san yana nan cikin kurmi. Leckie, ƙato da shi, ya fara fitsarin kwance. Wanda bai sani ba zai yi dariya. Ni na ga irin haka da idona, ga mazan da ba sa tsoron harsashi. Jiki ne yake gajiya da zaman ɗar-ɗar, sai ya saki abin da ba ka ba shi izini ba.

Abu na biyu, dare. Mutum biyu a rami ɗaya, ɗaya ya yi barci ɗaya ya yi gadi. Wanda ya fita daga raminsa cikin duhu ba tare da ya faɗi kalmar sirri ba, nasa ne za su harbe shi. Sun nuna wannan. Sun kuma nuna wanda ya zauce cikin dare yana ihu, 'yan uwansa suka rasa yadda za su yi da shi don kada ya tona inda suke, har aka buga masa shebur ya mutu. Na ajiye rimot na fita tsakar gida na sha iska kafin na dawo.

Ɗanlami, ɗana, ban ce Amurka waliyyiya ba ce. Amma sojan da ke cikin rami bai san siyasa ba. Abin da ya sani ƙishirwa da wanda ke kusa da shi.

Ɗanlami:
Allah ya ƙara girma, Baba. Ba da sojan rami nake ba, da masu shirya fim ɗin nake. Su suka zaɓi abin da za a nuna da wanda za a bari.

Nafisa:
Baba, Allah ya saka da alheri. Maganarka ta sa zan koma in kalla.

Malam Habibu:
Baba ya ambaci ƙishirwa, wannan ya kai mu Peleliu, inda a ganina nan ne zuciyar shirin take. Kashi uku cur suka ba shi, na 5 da na 6 da na 7, alhali mutane da yawa ko sunan tsibirin ba su taɓa ji ba.

Ɗan tsibiri ne, faɗinsa bai wuce murabba'in kilomita 13 ba. Sun sauka ranar 15 ga Satumban 1944. Kwamandansu Janar Rupertus ya ce cikin 'yan kwanaki za a gama. Sai da aka haura wata biyu. Dalili kuwa Japanawa sun sauya dabara. A da sukan taso gaba ɗaya su afka wa mashinga a ƙarar da su a dare ɗaya. A Peleliu Kanar Nakagawa ya shigar da mutanensa, kusan 11,000, cikin kogunan dutse ɗaruruwa da aka haɗa su da hanyoyi ta ƙarƙashin ƙasa, ya ce kowa ya zauna inda yake ya sayar da ransa da tsada. Dole sai an bi kogo ɗaya bayan ɗaya da gurneti da bindigar feshin wuta.

Zafi ya kai digiri 46. Ruwan shan da aka kawo musu a durom ɗin da aka taɓa zuba mai ne, ba a wanke da kyau ba, wanda ya sha sai amai. Ƙasar kuma dutsen murjani ce, ba ta haƙuwa. Ba ramin ɓuya, ba kabari, ba masai. Gawa tana nan inda ta faɗi har ta kumbura, ƙudaje sun yi ƙiba har ba sa iya tashi daga kan abincinka.

A cikin wannan hali ne ake nuna Snafu, abokin Sledge a runduna, wanda Rami Malek ya fito a matsayinsa, zaune yana jefa tsakuwa cikin ƙoƙon kan wani Bajapane da harsashi ya fasa, ruwan sama ya taru a ciki. Yana jefawa kamar mai kashe lokaci a bakin rijiya. Fuskarsa ba fushi ba murna. Wannan ya fi duk wani fashewar bam tayar mini da hankali. Kuma abin mamaki, shi ɗin ne ya hana Sledge cire haƙoran gawa, ya fake da cewa akwai ƙwayoyin cuta. Shi ya riga ya san inda ya faɗa, ba ya so yaron ya biyo shi.

Malam Isa:
Ƙari kan wannan: a littafin Sledge, ma'aikacin jinyar rundunarsu ne ya hana shi, ba Snafu ba. Masu shirin suka mayar da abin kan Snafu. Haka ma budurwar Leckie ta Melbourne, 'yar gidan Girkawan nan, ƙirƙira ce. Ya kamata mai kallo ya san ba kowane abu ne ya faru yadda aka nuna ba.

Abin da ya fi ciwo a Peleliu shi ne har yau masana tarihi na gardamar ko akwai bukatar a kama shi ma. An ce don a kare gefen Janar MacArthur ne a shirinsa na komawa Filifin. Admiral Halsey ya ba da shawarar a fasa, Admiral Nimitz ya ce a ci gaba. Runduna ta ɗaya ta sojojin ƙundumbalan kaɗai ta yi asarar sama da mutum 6,000 tsakanin matattu da masu rauni. Japanawan kuwa kusan duka suka mutu. Kyaftin Haldane, kwamandan su Sledge, wanda yaransa ke ƙauna kamar uba, a can maharbi ya same shi a ka a watan Oktoba.

Baba Sajan:
Wurin da aka wuce da gawar kyaftin ɗin nan a lulluɓe, yaransa na tsaye suna kallo ba mai magana, haka abin yake. Hafsa nagari in ya faɗi, ƙafar kowa sai ta yi sanyi.

Aminu:
Ni dai Basilone ne mutumina. A daren 24 ga Oktoban 1942 ya riƙe layi da mashinga har hannunsa ya ƙone, ya ratsa cikin abokan gaba ya ɗebo harsasai ya dawo. Aka mai da shi gida yana yawon tallan takardun lamunin yaƙi, ga suna ga mata ga hutu. Ya ce shi a mai da shi fagen daga. Ya auri Lena, ita ma sajan ce, a watan Yulin 1944, ya tafi Iwo Jima aka kashe shi ranar farko, 19 ga Fabrairun 1945. In wannan ba jarumta ba ce, mece ce? Malam Habibu, ka ce ba shirin jarumta ba ne, ni kuwa na ga jarumi.

Malam Habibu:
Jarumi ne, Aminu, ba wanda ya isa ya ƙwace masa. Amma duba yadda suka nuna mutuwar tasa. Ba jawabi, ba wasiyya. Yana gudu yana ba da umarni, harsashi ya same shi, ya faɗi cikin baƙin yashi, sauran suka ci gaba da wucewa ta gefensa. Kyamara ta ɗaga sama, ya zama ɗaya cikin gawarwaki. Amurkawa kusan 6,800 ne suka mutu a tsibirin nan, Japanawa kuma kusan 20,000. Sannan a kashi na ƙarshe ga Lena a falon iyayensa, ta miƙa musu lambar yabon. Aurensu wata bakwai ne. Ba ta sake aure ba har ta rasu.

Ɗanlami:
Duk na ji. Amma ku lura da abin da aka yi wa bam ɗin nukiliya. Hiroshima ranar 6 ga Agusta, Nagasaki ranar 9. A shirin, magana ce kawai ta wuce a bakin wani, wai an jefa wani sabon bam ya share gari guda. Shi ke nan. Ruwan wutar da aka yi wa Tokyo a watan Maris na 1945, wanda ya kashe mutum kusan 100,000 a dare ɗaya, ko a baki. Wannan fa?

Malam Isa:
Haka sojan da ke Okinawa ya ji labarin, a bakin wani. Shirin ya ɗaure kansa da abin da mutanen nan uku suka gani, bai fita daga nan ba. Shi ya sa ma bai nuna abin da sojan Japan ya yi a Nanjing a 1937 ba, ko tattakin mutuwa na Bataan a 1942, waɗanda da farfaganda ake so da su za a fara. Takobin ya yanka ta kowane gefe.

Ɗanlami:
Na fahimci tsarin. Amma wanda ya zaɓi tsarin ya san abin da tsarin zai ɓoye. A nan nake tsaye.

Hajiya Rakiya:
Sannunku da muhawara. Ni kashi na 9 ne ya tsaya mini a rai, na Okinawa, don a nan ne kawai aka ga mata da yara a fagen daga. Sauran tsibiran soja ne da soja. A nan kuwa ga talakawa sun fito daga ɓuya da ƙunshin kayansu a ka, wuta ta gaba wuta ta baya. Matar nan da aka ɗaura wa bam a jiki tana miƙo jaririnta tana kuka a karɓa, ba wanda ya gane abin da take faɗa. Sai kuma bukkar da Sledge ya shiga, bayan shi da kansa yana cikin masu cilla bam a wajen. Ya tarar da mace kwance cikinta a buɗe, ta kamo bakin bindigarsa ta ɗora a goshinta tana roƙon ya huta da ita. A lokacin ya riga ya zama mutumin da ke cewa a kashe su duka. Sai ya ajiye bindigar ya rungume kanta har ta cika. Na yi kuka, ba zan ɓoye ba.

Malam Isa, mutum nawa ne farar hula suka mutu a can?

Malam Isa:
Hajiya, ƙiyasi ya bambanta, amma ana maganar mutum 100,000 ko fiye, kusan ɗaya cikin huɗu na mutanen tsibirin. An fara ranar 1 ga Afrilun 1945, aka kai ƙarshen Yuni. Wasu bama-baman Amurka ne suka kashe su, wasu sojan Japan ne ya kore su daga kogunan da suka ɓuya ko ya tilasta musu kashe kansu, bayan an tsorata su da abin da Amurkawa za su yi musu. A 1995 mutanen Okinawa suka kafa allunan dutse a kudancin tsibirin, suka rubuta sunayen duk wanda ya mutu, nasu da na Japan da na Amurka, yanzu sun haura suna 240,000, ba su ware kowa ba. Sai a 1972 Amurka ta mayar wa Japan tsibirin, kuma har gobe sansanonin sojanta na nan, mutanen wurin na ta ƙorafi.

Baba Sajan:
Ku ba ni dama in yi maganar kashi na 10, don shi ne nawa.

Yaƙi ya ƙare, kowa ya kama hanyar gida. A jirgin ƙasa, da aka iso New Orleans cikin dare, Snafu ya ɗauki jakarsa, ya tsaya ya dubi Sledge yana barci, ya sauka bai tashe shi ba. Matasa za su ce rashin kirki ne. A'a. Me zai ce masa? Akwai mutanen da na kwana rami ɗaya da su, in mun haɗu a kasuwa sai mu gaisa mu wuce da sauri, don kowa fuskar ɗan uwansa na tuna masa abin da yake so ya manta.

Sledge ya koma gida ya cire kaki ya ce ba zai sake sawa ba. Dare ya yi yana ihu cikin barci, ubansa na zaune bakin ƙofa yana saurare, bai shiga ba. Uban likita ne, ya duba waɗanda suka dawo daga yaƙin duniya na farko, tun kafin yaron ya tafi ya gaya masa ba raunin jiki yake ji masa tsoro ba. Ya ɗauke shi farautar kurciya kamar yadda suka saba, yaron ya durƙushe a hanya yana kuka, ya kasa riƙe bindiga. Uwar na cewa ya kamata ya nemi aiki, uban ya ce a ƙyale shi.

Wannan uban nake so iyalan sojojinmu su gani. Yaranmu na dawowa daga Arewa maso Gabas, a yi musu barka da zuwa, a yanka kaza, bayan kwana uku a ce to a ci gaba da rayuwa. In ya ƙi shiga taro a ce girman kai. In ya daka wa yaro tsawa don ya buga ƙofa da ƙarfi a ce soja ya lalata shi. In ya fara shaye-shaye a ce dama. Ba wanda ke zama bakin ƙofar. Ni matata ce ta zauna, Allah ya biya ta. Ta koyi kada ta taɓa ni in ina barci, sai dai ta kira sunana daga nesa. A yi addu'a, a kuma kai mutum wajen likitan ƙwaƙwalwa, ba abin kunya ba ne. Ɗayan ba ya hana ɗayan.

Aminu:
Allah ya ƙara lafiya, Baba. Shi Sledge ɗin ya warke daga baya?

Malam Habibu:
Ya yi karatu har ya zama farfesan ilimin halittu a jami'ar Montevallo a Alabama, tsuntsaye ne abin sonsa. Bayanan da ya riƙa rubutawa a ɓoye ya cusa cikin Littafinsa na aljihu, su ya tattara, amma littafin bai fito ba sai 1981. Dubi tsawon shekarun da abin ya ɗauka kafin ya iya fitar da shi. Leckie nasa ya fito tun 1957, ya kuma rubuta littattafan tarihi da dama. Dukkansu biyu a 2001 suka rasu, ba wanda ya ga shirin.

Ga masu neman faifan, ku nemi cikakken saitin. Akwai ɗan gabatarwa kafin kowane kashi, Tom Hanks na bayani da taswira da hotunan ainihi, tsofaffin sojojin da kansu na magana. Nafisa, wannan zai warware miki ruɗanin wa ke ina. Kwafen da ake turawa a waya galibi an yanke shi.

Hajiya Rakiya:
Akwai abin da ke cina tun da aka fara maganar nan. Kakana na wajen uwa ya yi yaƙin Bama. Shi ma Japanawan nan ya yaƙa, cikin irin wannan kurmi da ruwan sama. Muna yara muna jin ana ce masa mazan jiya, in hadari ya taso da tsawa sai ya shige ɗaki ya rufe ƙofa, mu kuwa ba mu san dalili ba. Da nake kallon kashi na 4 shi nake ta gani. Ya rasu ba wanda ya zauna ya tambaye shi abin da ya gani. Akwatinsa na ƙarfe na nan wajen kawuna, da lambobinsa a ciki da wani ƙyalle.

Ɗanlami:
Hajiya, kin taɓo inda ke mini ƙaiƙayi. Su sun kashe dala miliyan 200 don kada a manta da nasu. Namu fa?

Malam Isa:
Allah ya jiƙansa, Hajiya. Dubun-dubatar 'yan Afirka ta Yamma ne Ingila ta kwasa zuwa Bama, a runduna ta 81 da ta 82, daga Najeriya da Gana, wadda ake kira Gold Coast a lokacin, da Saliyo da Gambiya. 'Yan Arewa na da yawa a ciki, kuma Hausa ce ta daɗe tana zama harshen bariki. Runduna ta 81 ta shiga kwarin Kaladan a farkon 1944, inda ba hanyar mota, abinci da harsasai daga jirgin sama ake jefo musu, sauran kuma a ka ake ɗauka. Bataliyoyi uku na Najeriya sun bi dakarun Chindit na Janar Wingate zuwa bayan layin Japanawa. A watan Janairun 1945 rundunonin biyu suka kama Myohaung.

Sunayen suna gabanmu kullum ba mu tambaya. Barikin Dalet da na Kalapanzin a Kaduna, barikin Chindit a Zariya, Myohaung da Arakan a Legas, Letmauk a Ibadan, Burma Camp a Accra, duk daga wannan yaƙi suka samo suna. Mutanen gida kuwa a Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a 1939, suke jin labarin fagen daga. Da suka dawo, abin sallamar da aka ba su bai kama ƙafar na Turawan da suka yi yaƙi tare ba.

Nafisa:
Ikon Allah. Kullum ina wucewa ta gaban Dalet ban taɓa sanin sunan wani wuri ne a Bama ba.

Hajiya Rakiya:
Malam, ta yaya zan gane wace runduna kakana ya yi?

Malam Isa:
Ki sa kawu ya buɗe akwatin ya duba ƙyallen nan, wataƙila bajen kafaɗa ne. In baƙin gizo-gizo ne a kan rawaya, runduna ta 81 ce. In māsu biyu ne a gicciye a kan gammo, ta 82 ce. Cikin lambobin kuma ki nemi tauraro mai tsini shida, zarensa ja a tsakiya, gefe da gefe shuɗi mai duhu da ruwan lemo, wannan ita ce lambar Bama. In akwai takardar sallama, lambarsa ta soja da bataliyarsa suna jiki, kada a bari ta jiƙe ko a naɗe ta da yawa. Ki ɗauki hotonsu ki turo mini ta akwatin sirri, in duba miki inda bataliyar tasu ta bi.